Zinariya, Dalma da Bakteriyar Ƙasa a Yammacin Zamfara

Yankin da ya haɗa Anka da Bukkuyum da Gummi, wato yammacin Jihar Zamfara ta yau, ƙasa ce da Gulbin Zamfara ya ratsa daga gabas zuwa yamma, Gulbin Ka kuma ya bi ta kudancinta, kafin ruwansu ya gangara ƙasar Kabi. Bayan da Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara wajen shekarun 1760, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har ya zauna a Anka a ƙarni na 19, inda Sarkin Zamfara yake har yau, Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum kuma Sarkin Danko. A duk tsawon wannan lokaci abin da ya riƙe talakan yankin shi ne ƙasar noma: jigawa don gero da dawa da wake da gyaɗa, fadama kuma, musamman ta wajen Gummi, don shinkafa da kayan lambu. Ƙarƙashin wannan ƙasar noma akwai tsofaffin duwatsu masu ɗauke da jijiyoyin farin dutse, kuma a cikin jijiyoyin nan ne zinariya take, wani wuri ita kaɗai, wani wuri a cakuɗe da dalma.

Manomin wannan yanki ya daɗe yana aiki da ƙananan halittun ƙasa tun kafin a ƙera madubin da zai nuna masa su. Ya san cewa gonar da aka yi wake ko gyaɗa bara tana karɓar gero bana, ya san hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau, ya san amfanin barin shanun Fulani su kwana a gona bayan girbi, ya kuma san cewa takin juji sai ya ruɓe kafin ya yi aiki. Bayanin dalilin haka ya zo ne daga Turai a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth suka nuna a Jamus, a 1886, cewa ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar dangin wake su ne ke samar wa tsiro naitirojin daga iska, wato sinadarin da ake saye yau a buhun takin yuriya, sannan Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware halittar da ke zaune cikin ƙulle-ƙullen a 1888. Ita wannan halitta tana cikin jinsin da ake kira bakteriya, wato halittu masu ƙwayar rai guda ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani, suna hayayyafa ta hanyar rabewa gida biyu, kuma giram ɗaya na ƙasa mai rai yana iya ɗaukar ɗaruruwan miliyoyinsu. Mafi yawansu ba sa jawo cuta, ko da yake an saba kiran su duka ƙwayoyin cuta. Daddawar da ake yi da kalwa aikin wata bakteriyar ƙasa ce mai suna Bacillus subtilis, haka nan baban da ke nuna a karofin marina sai da taimakon bakteriya yake narkewa ya kama zane. Saboda haka tunanin sa waɗannan halittu aiki baƙo ne ga Bahaushe ta fuskar suna kawai.

Haƙar zinariya ta zamani a Najeriya ta fara shiga lissafin gwamnati a 1913, ta kai ƙololuwarta a shekarun 1930, sannan ta durƙushe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka bar tsofaffin ramuka a lardin Sakkwato da wasu wurare, waɗanda mutanen karkara suka ci gaba da tona jefi-jefi, yawanci da rani, bayan an gama aikin gona. Abin da ya sauya al'amarin shi ne farashi. Oza ɗaya ta zinariya, wadda ake sayarwa wajen dala 270 a kasuwar duniya a 2001, ta haura dala 1,200 a 2010, kuma wannan tashin ya isa ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta hannun dillalai, har ya zama buhun dutse ya fi buhun hatsi daraja. Tsarin aikin mai sauƙi ne amma mai wahala: a tono dutse daga rami, a zuba a buhu a kawo gari, a farfasa da guduma, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a wanke garin da ruwa don mai nauyi ya kwanta, sannan a cuɗa shi da zaiba, wato ƙarfen nan mai kama da ruwa wanda ke kama zinariya, a ƙarshe a ƙona curin zaibar ta tashi a bar zinariya. Da yake mata da yawa a ƙauyukan suna cikin kulle, kuma suna da haƙƙin neman na kansu, sai aka riƙa kai musu dutsen har tsakar gida, inda ake shanya, ake daka, ake girki, inda kuma jarirai ke rarrafe.

Dutsen da aka shiga haƙa a wasu ramukan a ƙarshen shekarun 2000 yana da dalma mai yawan gaske. Asalin siffar dalma a cikin dutse ita ce haɗinta da farar wuta, baƙin dutsen nan mai ƙyalli da masana ke kira galina, wanda Hausawa suka sani tun da daɗewa domin shi ne ake niƙawa a yi wani nau'in tozali. A wannan siffa dalma ba ta saurin narkewa. Amma binciken da masana duwatsu na gwamnatin Amurka suka yi a kan samfuran Zamfara ya nuna cewa ruwa da iska sun riga sun cinye wani kaso mai yawa na galinar tun tana cikin ƙasa, sun mayar da ita dalma mai haɗe da kabonet, siffar da ke narkewa nan da nan a cikin ruwan tsamin da ke cikin tumbin ɗan Adam, niƙan inji kuma ya mayar da ita ƙura mai laushi wadda ke manne wa hannu da abinci. Wannan bambanci tsakanin siffa da siffa shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya faru, shi ne kuma ma'aunin da ya kamata a auna duk wani alkawarin da ake yi da sunan bakteriya.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar da ƙauyukan da yara ƙanana ke mutuwa da yawa bayan amai da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba su yi musu komai ba. Da aka aika jini Turai aka auna, sai aka ga dalma ce. Ayarin da ya haɗa cibiyar CDC ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya da jami'an lafiya na Najeriya ya bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani, ya ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, ya gano cewa 118 daga cikinsu, wato ɗaya cikin huɗu, sun rasu a cikin shekara guda. Daga cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai ko sun haura maikirogiram 45 na dalma a kowace desilita ta jini, matakin da likitoci ke fara ba da maganin fitar da guba. A wasu wuraren an sami dalma fiye da miligiram 100,000 a kowane kilogiram na ƙasa, ma'ana fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da yaro ke wasa a kai dalma ce, alhali ƙa'idar da Amurka ke aiki da ita a lokacin ga filin wasan yara miligiram 400 ce. Adadin yaran da suka rasu a farkon annobar bai gaza 400 ba, waɗanda suka rayu kuma da yawansu an bar su da makanta, ko shanyewar gaɓoɓi, ko raunin ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa.

Maganin da aka yi amfani da shi, wanda ake kira DMSA, yana kama dalmar da ke cikin jini ne ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani idan yaron zai koma ya zauna a tsakar gidan da ta sa masa gubar. Don haka sai gyaran ƙasa ya zama sharaɗin magani. Kamfanin TerraGraphics na Jihar Idaho, wanda ya ƙware wajen share gubar dalma a tsohon yankin ma'adinai na Bunker Hill, da cibiyar Blacksmith ta New York, tare da ma'aikatar muhalli ta Zamfara da ƙananan hukumomi da masarautu, suka tsara aikin. Sarakuna suka ba da umarnin fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Aka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki, suka kankare saman ƙasar kowane gida da fartanya da shebur, kimanin santimita biyar, ana bi da na'urar hannu ta XRF, wadda ke harba haske a ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki nan take, aka zuba gurɓatacciyar ƙasar a buhuna aka kai ramukan da aka tanada a bayan gari aka binne, sannan aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. An fara da Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum ana tsere da daminar 2010, aka bi da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011.

Bagega, wadda ta fi sauran girma kuma take da babban filin niƙa, ita ce ta jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, amma kuɗin ba su fito ba sai a farkon 2013, bayan matsin lambar ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money da suka ɗauki sunan garin suka yaɗa a intanet, kuma a duk wannan lokacin yara wajen 1,500 suna zaune cikin guba ba a iya fara musu magani ba. Wannan jinkiri abin kunya ne a tarihin al'amarin, domin hanyar gyaran an riga an san ta, an gwada ta a ƙauyuka bakwai ta yi aiki, abin da ya rage sa hannu ne kawai. Da aka kammala Bagega a 2013, jimillar abin da aka kwashe daga ƙauyuka takwas ya haura mita kubik 27,000 na ƙasa da sharar dutse, daga gidaje da wuraren aiki fiye da 800.

A daidai wannan gaɓa ce tambayar bakteriya ke shigowa, domin duk wanda ya ga wahalar kankare gari guda da fartanya zai so a ce akwai wata halitta da za a yayyafa ta cinye gubar. Tunanin yana da tarihi. A 1972 Ananda Chakrabarty, ɗan asalin Indiya mai aiki da kamfanin General Electric a Amurka, ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar wata bakteriyar ƙasa ta jinsin Pseudomonas wadda ya tara mata filasmid da dama. Filasmid ɗan ƙaramin zobe ne na sinadarin gado, wato DNA, wanda bakteriya ke ɗauke da shi ban da babban kundin gadonta, kuma tana iya miƙa shi ga maƙwabciyarta kamar yadda ake ba da aron kayan aiki. Kowane ɗaya daga cikin zobban da Chakrabarty ya haɗa yana ɗauke da umarnin narkar da wani ɓangare na ɗanyen mai. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke a 1980, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa ana iya mallakar halittar da ɗan Adam ya sauya. A tsakanin nan Stanley Cohen da Herbert Boyer sun nuna a 1973 yadda ake yanka DNA a ɗinka shi a jikin wata halitta dabam, abin da ake nufi ke nan da sauya ƙwayoyin gado. Sai dai bakteriyar Chakrabarty, duk da shaharar da ta yi, ba a taɓa sakinta a kan malalar mai ta gaskiya ba. Lokacin da jirgin ruwan Exxon Valdez ya zubar da mai a gaɓar Alaska a 1989, ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi shi ne watsa taki a bakin teku don bakteriyar da ke wurin tun asali ta sami abinci ta yawaita, dabarar da manomin Gummi zai gane ba tare da dogon bayani ba. Irin wannan hanya ce ake bi a aikin share malalar mai a ƙasar Ogoni da ya biyo bayan rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011.

Amma mai da dalma ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Ɗanyen mai haɗi ne na kabon da haidirojin, bakteriya tana iya tsinka shi ta ci, ya koma iskar kabon da ruwa ya ɓace. Dalma kuwa asalin sinadari ce, ba a haɗa ta daga komai ba, saboda haka babu abin da za a warware ta ta koma, kuma babu halittar da za ta rage ko ƙwayar zarra ɗaya daga nauyinta. Iyakar abin da bakteriya ke iya yi wa ƙarfe shi ne ta sauya masa siffa ko ta sauya masa wuri: ta manna shi a jikin bangonta, ta haɗiye shi ta ɗaure da wani furotin, ta turo shi waje, ko ta fitar da wani sinadari da zai sa ya daskare ya daina narkewa. An fi sanin waɗannan dabaru ta hanyar nazarin wata bakteriya mai suna Cupriavidus metallidurans, wadda aka samo a 1976 daga laka a wata masana'antar tutiya a ƙasar Beljiyam, aka kuma gano tana ɗauke da manyan filasmid biyu masu ba ta juriyar ƙarafa iri-iri, har aka bayyana jerin ƙwayoyin gadon da ke kare ta daga dalma a 2001. Ta jure dalma domin ta kare kanta, kuma idan ta mutu dalmar da ta tara tana nan a inda gawarta ta faɗi.

Daga nan ne siffar da dalma ta koma take zama komai. Akwai bakteriyar da ke narkar da fosfet, sinadarin da ke cikin takin sufa da ƙashin dabba, kuma idan fosfet ya haɗu da dalma yakan samar da wani ma'adini mai suna fairomofait wanda yake da wuyar narkewa ƙwarai, wannan kuwa sauyi ne mai amfani, ko da yake an nuna cewa wasu nau'o'in funfuna na ƙasa suna iya fitar da tsamin da zai sake narkar da shi. Akwai bakteriyar da ke rayuwa a laka inda babu iska, tana samar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke mayar da narkakkiyar dalma galina, wato ta mayar da ita tozali kamar yadda ta fito. Akwai kuma wadda ake yawan yabawa a rubuce-rubucen masana, Sporosarcina pasteurii, mai farfasa yuriya ta sa ƙarafa su daskare a siffar kabonet. Wannan ta ƙarshe tana iya hana dalma bin ruwa ta shiga rijiya, amma ga ƙauyen Zamfara kabonet ita ce ainihin siffar da ta kashe yara, domin hanyar da guba ta bi ta shiga jikinsu ita ce hannu zuwa baki, da hatsin da aka sussuka ko aka surfa a gurɓataccen wuri. Gwajin da ya nuna cewa dalma ta ragu a cikin ruwan kwalba bai ce komai ba game da abin da zai faru a cikin tumbin yaro ɗan shekara biyu.

Ga kuma batun yanayi da lokaci. Tsakar gida a Anka a watan Maris busasshiyar ƙasa ce mai tauri, rana tana dukanta da zafin da ke haura digiri 40, bakteriya kuwa ba ta aiki sai da danshi da abinci, wadda aka raina a ɗakin gwaji kuma takan sha kashi a hannun 'yan gida da zarar an sake ta cikin ƙasa ta gaskiya. Gwajin fili na farko da hukumar muhallin Amurka ta amince da shi na bakteriyar da aka sauya don share guba an yi shi ne a Oak Ridge ta Jihar Tenesi a 1996, da wata Pseudomonas fluorescens da aka sa wa lamba HK44, kuma ko shi a cikin manyan tankunan ƙasa da aka killace aka yi. Abin lura game da HK44 shi ne an dasa mata ƙwayoyin gado daga wata bakteriya mai haske, ta yadda takan yi walƙiya idan ta haɗu da gubar da take ci. Wannan fanni na bakteriya mai ba da labari, wato wadda aka sauya don ta nuna akwai guba ta hanyar haske ko launi, ya fi kusa da biyan buƙatar wuri irin Bukkuyum, an kuma gwada irinsa wajen auna gubar asenik a rijiyoyin Biyetnam da Bangaladash, domin na'urar XRF tana da tsadar da ƙaramar hukuma ba za ta iya saye ta ajiye a kowace gunduma ba.

Zaiba tana da nata labarin dabam, kuma a nan bakteriya tana da fuska biyu. Wasu suna ɗauke da ƙwayoyin gadon da ake kira mer, waɗanda ke mayar da narkakkiyar zaiba ta koma tururi ta bar ƙasa, an ma dasa irinsu a jikin Deinococcus radiodurans, mai jure tururin nukiliya, a shekarar 2000. Wasu kuma, musamman masu zama a lakar da ruwa ya kwanta a kai, suna mayar da zaiba wata siffa mai suna metilmakuri, wadda ke taruwa a jikin kifi da ƙwayar shinkafa, ita ce gubar da ta nakasa mutanen Minamata a Japan, cutar da aka gano a 1956, har aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 sunan garin. Kududdufan da aka wanke dutse a cikinsu, da rafukan da ke kwashe ruwan damina su zuba a Gulbin Zamfara ya wuce da shi fadamun Gummi, su ne irin wuraren da ya kamata mai nazarin bakteriyar ƙasa ya fara kai kwalabensa, domin a can halittun suna aiki a kan ƙarafan ko an sa su ko ba a sa su ba. Haka nan bakteriyar da ke cin duwatsu masu farar wuta, wadda aka sa aikin fito da zinariya a mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu daga 1986 da Obuasi ta Gana daga 1994, ita ce kuma ke sa tarin sharar mahaƙa ya riƙa tsiyayar da ruwa mai tsami ɗauke da ƙarafa idan aka bar shi ba kulawa.

Masana a jami'o'in Najeriya sun ɗebi ƙasa daga mahaƙun Zamfara sun ware bakteriyar da ke jure ƙarafa, daga ciki har da wani aiki da aka buga a mujallar Heliyon a 2020 kan Pantoea agglomerans, wanda ya auna yadda take tsotse ƙarafa a ɗakin gwaji. Irin wannan aiki yana da daraja, domin halittar da ta rayu a cikin sharar Anka ta riga ta saba da zafin wurin da farinsa, amma tsakanin kwalbar gwaji da tsakar gida akwai tafiya mai nisa wadda ke buƙatar kuɗi da shekaru da filin gwaji mai tsaro. Ta fuskar doka kuwa ƙofa a buɗe take da sharaɗi: Najeriya ta kafa hukumar NBMA a 2015 don ba da izini da sa ido kan halittun da aka sauya, kuma arewa ta riga ta ga amfanin gona na farko irin wannan, wato waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, wanda ƙwayar gadon da ke kare shi daga tsutsar maruka an ɗauko ta ne daga bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis. Sai dai wake ana ganinsa, ana iya tuge shi a ƙona, bakteriya kuwa idan ta shiga ƙasa ba a kiranta ta dawo, tana kuma iya miƙa filasmid ɗinta ga wasu, ga shi an san cewa ƙwayoyin gadon juriyar ƙarafa sukan zauna a zobe ɗaya da na juriyar magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Mutanen da aka taɓa kawo wa guba har ɗaki ba da saninsu ba suna da haƙƙin a yi musu cikakken bayani da Hausa, a gaban sarakunansu da malamansu da matan gidajen, kafin a zuba wani sabon abu a ƙasarsu.

Bayan Bagega annobar ta sake ɓulla a 2015 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu, aka kuma bi hanyar nan ta kankarewa da binnewa, tare da koya wa masu niƙa jiƙa dutse da feshin ruwa don ƙura ta kwanta, da wanka da sauya tufafi kafin a koma gida. A Zamfara kuwa rikicin 'yan bindiga ya rufe hanyoyin ƙauyuka da dama, Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, haramcin da ya kore sana'ar daga idon hukuma fiye da yadda ya dakatar da ita. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikinta ga hukumomin jihar, bayan ta auna yara 8,480 ta kuma ba 3,549 maganin fitar da guba. An ɗage haramcin a watan Disamban 2024, a lokacin da ozar zinariya ta haura dala 2,500, wato ninki biyu na farashin da ya kai dutse tsakar gidajen Dareta da 'Yargalma. Ƙasar da aka kwashe daga ƙauyuka takwas tana nan a ramukanta a bayan gari da dukkan dalmar da aka binne ta da ita, damina tana jiƙa ta rani yana busar da ita, bakteriyar cikinta kuma tana ci gaba da sauya wa dalmar siffa, zuwa mai narkewa ko zuwa mai daskarewa, gwargwadon danshi da iska da abincin da ta samu a ramin.